Sandar Auna Randa

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin yadda randata ta shiga makarantar sakandare, ni da karatuna bai wuce izu biyu ba.

Muna unguwar Jarwal a Makka lokacin, famfo bai shigo lungunmu ba tukuna. Ruwa sai saƙƙa, wato ɗan ga-ruwa, ya kawo, garwa biyu rataye a sanda, ya juye a babbar randar da ke gindin matakala. Garwa shida take ci.

Ɗana na fari, wanda har yau ba na kama sunansa, yana ajin kusa da ƙarshe. Malaminsu na lissafi, wani Bamisire da suke kira Ustaz, ya ce kowa ya zaɓo abu ɗaya mai amfani da zai yi wa lissafi. Yaro ya buɗe littafi ya kai masa gada. Ustaz ya ce ya nuna masa kogi a Makka. Ya kai jirgin ƙasa, aka sake koro shi. Aka ce Asabar ce ta ƙarshe, in bai kawo ba ya faɗi. Ubansa kuwa tela ne, ya riga ya yanke magana: wanda ya maimaita aji, ga keken ɗinki can yana jira a shago.

Ran Alhamis bayan la'asar yana zaune a matakala ya yi tagumi. Na zo wucewa na ƙwanƙwasa randar da zobena, kamar yadda na saba.

Na ce, "Kai, tashi ka kira saƙƙa, saura garwa biyu a ciki."

Ya ce, "Ya Umma, ko leƙawa ba ki yi ba."

"Ai na ji."

"Da kunne ake awo?"

Don dai kar ya fita rana, ya jawo wata sandar dabino ya tsoma har gindi, ya zaro. Ta jiƙe daidai rabi. Ya ce, "Rabin shida uku. Halas, magana ta ƙare."

"Kai da bokonka. Biyu ne, su ma ba cike ba."

"Wallahi uku!"

"Bar rantsuwa, ɗauko garwa."

Ya yi ta kwasa da moɗa. Ta farko ta cika. Ta biyu saura yatsa huɗu ta cika, sai ga moɗa tana kankare gindi. Ya tsaya yana kallon sandar, yana ƙunƙuni da Larabci kamar ita ta ci amanarsa.

Na ce, "Dubi randar da kyau. Gindinta a tsuke, ciki ya buɗe, wuya ya sake tsukewa. Garwar farko in an zuba, tsalle take yi ta hau. Ta huɗu kuwa kwanciya take a ciki, da ƙyar ka ga ta motsa. Shekara nawa ina jin su suna shiga?"

Ban rufe baki ba ya fita da gudu ba takalmi. Ya dawo da saƙƙa, wani dattijo mutumin Damagaram, ya sa shi zuba garwa ɗaya ɗaya. Duk garwa sai ya tsoma sanda ya yi tsaga da wuƙata ta yankan albasa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Hajiya, ɗan naki lafiya kuwa?" Na ce karatu ne. Ya ce Allah ya sawwaƙe.

Da aka gama, ga tsagogi: a ƙasa nesa da juna, a tsakiya sun cunkushe, a sama sun sake warewa. Juma'a kuwa, daga masallaci sai randa. Ya ɗauko zaren ubansa yana zagaya cikinta hawa hawa yana rubutawa, wai so yake ya gano inda tsaga za ta faɗa tun ba a zuba ruwa ba. Ya je ya gwada a randar maƙwabciya, ya dawo yana dariya shi kaɗai.

Asabar ya tafi da sandar. Ya ce 'yan ajin sun yi ta tsokanarsa, wai dukan Ustaz ya zo yi? Ustaz ya karɓa, ya juya ta, ya tambayi dalilin da tsagogin ba su yi daidai ba. Yaro ya zana randa a allo ya yi bayani. Ustaz ya ce, "Wannan shi ne. A wane littafi ka samo?" Ya ce, "Ba littafi ba ne, ummata ce."

Da ya dawo ya faɗa mini, guɗar da na rangaɗa sai da maƙwabta suka leƙo ta taga. Ya ci jarrabawar. Ubansa kuwa, da keken nan da ke jiran yaron ya ɗinka masa sabuwar jallabiya.

Kafin aikin Hajji ya zagayo, kusan kowace randa a lungun da sandarta. Tamu ma tana nan jingine, amma ni dai in na zo wucewa sai na ƙwanƙwasa. Kai fa, in ga sanda ga zobe, da wanne za ka auna?