Kujerar Aski a Shagon Kikue

Duk wanda ya san Kikue Sawaguchi a garinsu na masunta, can arewacin lardin Iwate, ya san Allah ya ba ta kai mai riƙe sunan waƙa. Tun tana budurwa ta kama aikin rakiya a motocin masu yawon shaƙatawa. Ita ce mai tsayawa kusa da direba da farar safar hannu, tana nuna wa fasinjoji duwatsu tana rera musu waƙa. Wata shekara dusar ƙanƙara ta tare su a kan hanya, mota cike da tsofaffi, ga yunwa ga mita. Sai ta ɗauki makirufo ta ce za a yi wasa: za ta faɗi gaɓa ɗaya, kowa ya kawo waƙar da sunanta ya fara da ita, ya rera ko baiti guda ne. Ta ce "ka". Kafin motar share hanya ta iso har direba ya sa baki, wata tsohuwa ma cewa ta yi a dakata tukuna, layi bai zo kanta ba.

Daga baya ta auri Tatsuji mai aski, mutum shiru-shiru wanda ko fito bai iya ba. Suka yi zamansu lafiya har tsufa. Da ya rasu, ta raba almakasai da asake ga abokan sana'arsa, amma kujerar aski ta gagara, don da ƙusoshi aka kafe ta a ƙasa. Kikue ta dube ta, ta dubi shagon da ya yi tsit, ta ce ita kam ba za ta iya wannan zaman ba. Ta sayo injin karaoke, mai sakin kiɗa mutum ya bi da waƙa, ta jera kujeru, ta ɗora butar koren shayi. Da an ci abincin rana sai ta buɗe, kafin rana ta faɗi kowa ya kama hanyar gida. Ba a jima ba tsofaffin unguwa suka mai da wurin majalisa, suka sa wa Kikue suna Mama.

Wasan nan na cikin mota shi ne ya zama na gidan. Kikue ta kafa doka: wanda waƙa ta ƙare wa, horonsa ya hau kujerar marigayi, a kwantar da ita, a rufe masa fuska da tawul mai zafi, ya ja bakinsa har a gama zagayen. A ganinta babu kunyar da ta fi a rufe wa mutum baki ana tsakiyar waƙa.

Wanda ya fi kowa shan wannan horo shi ne Gonda, tsohon mai gwanjon kifi, mai murya kamar ƙahon jirgin ruwa. Sai Tokiko, ƙawar Kikue tun makaranta, wadda kullum take zuwa da gasasshen dankali a naɗe cikin jarida. Ko "ka" aka faɗa, wadda waƙoƙinta suka fi a ƙirga, don a harshensu sunan kogi da iska da laima duk da ita suka fara, sai ka ga Gonda yana sosa sanƙo.

"Wallahi Mama, tana kan harshena."

"To haɗiye ta, ka hau kujera. Mutum ya shekara arba'in yana kiran sunan kifi, amma sunan waƙa ɗaya ya gagare shi."

"Tsufa ne, Mama, ba yin kaina ba ne."

Ita kuwa Kikue shekara da shekaru ba ta taɓa hawa ba, kuma ba ta gajiya da faɗi.

Wata rana da kaka, Gonda ya zo da baƙuwa, ƙanwar matarsa mai suna Nobue, daga birnin Sendai. Aka ba ta shayi, aka ce ta zaɓi gaɓa. Ta ce "ru". Nan kowa ya gyara zama, don waƙoƙin "ru" ba su da yawa. Kikue ba ta damu ba, tana da wata tsohuwar waƙa da take ajiyewa don irin wannan rana. Aka zaga sau ɗaya, kowa ya kawo tasa don kada a ji kunya gaban baƙuwa. A zagaye na biyu Nobue ce farko. Ta latsa inji, sai ga waƙar nan ta ajiyar Kikue ta fito, ta rera ta tsaf, ta miƙa mata makirufo tana murmushi.

Kikue ta riƙe makirufo. Ta duba rufi, ta duba ƙasa, babu. Tokiko ta shiga tari tana mata alama da ido, Gonda ya ce ai baƙuwa ba ta san dokar gida ba, a sake.

"Dokar ni na kafa ta," in ji Kikue. "Tokiko, kawo tawul."

Ta hau kujerar fuska a murtuke. Aka kwantar da ita, aka ɗora mata tawul. Da farko haushi take ji. Can sai ta ji ɗumin ya ratsa mata goshi ya sauka har wuya, bayanta da ya daɗe yana mata ciwo ya saki, waƙar da ake yi ta koma kamar daga nesa take zuwa. Sai da aka gama zagayen Tokiko ta taɓa ta har sau biyu kafin ta motsa.

Ta tashi zaune, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin dubawa a cikin kofinsa.

"Gonda."

"Na'am, Mama."

"Waƙar 'ka' nawa ka sani?"

"To… ba za a rasa ba."

"Tsohon banza. Ashe barci kake zuwa yi a shagona."

"Ba ni kaɗai ba ne, ki tambayi ƙawarki. Ita ce ma ta fara."

"Ni saboda ƙuguna ne," in ji Tokiko. "Kuma ke kina jin daɗin cin wasa, mu muna jin daɗin kwanciya. Wa aka cuta?"

Nobue ta rasa gane abin da ake ciki, ta shiga ba da haƙuri. Kikue ta so ta yi fushi, dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta goge ido da tawul ɗin. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, shekara nawa Tatsuji yana kwantar da mazan gari a kujerar nan, ita ko sau ɗaya ba ta ce ya gwada mata ba.

Washegari ta juya doka: daga yau wanda ya ci wasa shi ke hawa. Nan take ƙwaƙwalwar kowa ta warke. Gonda ya zama bala'i, ashe duk asubar da ya yi a kasuwar kifi da rediyo a kunne ya yi ta. Tokiko ta riƙa tono waƙoƙin da tun suna 'yan mata rabon da a ji su. Kikue ta ga ba shiri, ta koma buga wa tsofaffin abokan aikinta waya suna tuna mata na da. Yanzu in ta yi sa'a takan ci sau ɗaya a mako, wani makon ma ta tashi a tutar babu. Ranar da Gonda ya ci, da ya fara minshari a ƙarƙashin tawul sai ta ƙara wa injin murya, ta ce wa Tokiko ta zaɓo waƙa mai ganga da yawa.