Hoton da Ya Fitar da Matata Daga Takaba

Shekara bakwai ke nan da aka harbe Sabo Mai Hoto a bakin aikinsa. Allah ya ji ƙansa. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma wannan sai na faɗa.

Mutumin Bunkure ne. Da hoton biki da na Sallah ya fara, kafin wata jarida ta tura shi Saliyo, inda nake soja. An yi mana kwanton ɓauna, na rasa ƙafar hagu, aka aika garinmu Kura cewa na mutu. Aka yi sadaka. Matata Hajara ta shiga takaba, baffana ya sa ranar raba gonata ta bakin kanal ɗin ruwa.

A wata makaranta da aka mayar asibiti Sabo ya same ni. Masu hoto da yawa sun wuce ta kanmu. Raunin suke ɗauka, ba wanda ya dubi fuska. Shi kuwa da ya ji ina nishi da Hausa sai ya tsaya.

"Ɗan ina ne?"

"Kura."

"Mai shinkafa ne kwance kamar buhu? Tashi zaune, goge fuska. Haka za ka je gaban tsohuwa?"

Na zage shi. Ya yi dariya, ya gyara mini wuyan riga kamar ranar Sallah, ya juya kaina yadda tabon laujen da ke goshina zai fito. Ya ja baya, ya ɗauki hoton har da dungulmin ƙafar.

Da ya dawo gida, da kansa ya kai hoton gidanmu. Inna ba ta yi karatu ba, ni ma haka, amma ta san tabon, ita ta ɗaure shi ina yaro. Baffa ya ce tsohon hoto ne. Inna ta ɗora yatsa kan dungulmin ta ce, "Da ƙafa biyu ya bar gidan nan." A ranar Hajara ta fita takaba.

Yanzu wayoyi sun fara zuwa da kyamara. Mota ta faɗi a Garun Mallam, ka ga samari sun rufu kan jini suna ɗaukar hoto. Da Sabo na nan, cewa zai yi, "Kun tambayi sunansa?"

Sabo ya koma fagen daga, bai dawo ba. Gonar tana nan ba a yanki ko taku ɗaya ba. Bana tumatir na zuba. Kullum da sanda nake zuwa, ni nake buɗe mata ruwa.