Akwatin Kiɗa da Hanyar Zabori

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk garin Gaya babu saurayi kamata, na sayi motata ta farko. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, ta sha hannu kafin ta iso gare ni, amma a idona sabuwa ce fil. Abu ɗaya ya hana ni sakat: rediyonta. In na kunna, sai ka ce sauro ne ya shiga gwangwani. Ni kuwa so nake in taso daga bakin gada a ji ni a Malanbil, can tsallaken kogi.

Ina da aboki mai gyaran rediyo da wutar mota. Tare muka tashi, tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare aka kore mu. Hannunsa na da kyau, wannan ko yau da nake jin haushinsa ba zan hana masa ba. Na kai masa motar na ce ya yi mini abin da ba a taɓa yi a garin ba. Ya buɗe kofur, wato bayan motar, ya daɗe yana aune-aune, sannan ya ce, "Mutumina, ka ba ni sati biyu. In ka kunna, kifin cikin kogi sai ya taka."

Ya kuwa yi aiki. Ya sa aka yanko katako mai kauri daidai faɗin kofur, ya haɗa akwati, ya liƙe kowace kusurwa da gam, ya ɗaure da kusoshi masu murɗi don kada iska ta samu wurin fita. Ya dasa manyan baful biyu, wato sifiku, kowanne ya kai faifai, ya kafa ampili mai ƙara ƙarfin sauti a tsakiya, ya lulluɓe komai da baƙin moket, irin kafet ɗin nan, ya zagaye da 'yan fitilu shuɗɗa. Da muka gwada, duk bugun ganga sai fitilun mota su yi kamar za su mutu. Ya ce batiri ɗaya ba zai ɗauka ba, sai an ƙara na biyu. Na ce ƙara mana, me kake jira? Ban tambaye shi inda zai ajiye shi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da na karɓi motar, gilashin baya rawa yake, ƙirjina ma rawa yake. Na zaga kasuwa sau uku ba tare da ina da abin saye ba. Mahaifiyata ta leƙa kofur ɗin sau ɗaya, ta ga ko buhun shinkafa ba zai shiga ba, ta ce, "To, motar ta makaɗa ce ke nan." Na yi dariya. A lokacin duk wanda bai yaba ba, ɗan ƙauye ne a wurina.

Wata bakwai ina wannan shirme. Kusan kullum da la'asar ina shagon abokina, mu buɗe kofur a ji sauti, mu sha shayi. Yana da wani wurin zama a gindin bishiyar bedi, taya ce aka ɗora wa katako da tsohuwar matashi. Wurina ke nan, kowa ya sani, in na iso sai a tashi a ba ni.

Mahaifiyata tana da wa guda ɗaya a Zabori, su biyu suka rage a ɗakinsu. Shekara uku ba sa magana saboda iyakar gonar gado. Ba wata babbar gona ba ce, amma kun san zuciyar tsofaffi. Sallah ta zo ta wuce, babu mai kiran wani. Wata safiya cikin damina ɗan kawun ya kira ni ya ce jikin tsohon ya yi tsanani, kuma tun asuba magana ɗaya yake maimaitawa: a kira masa ƙanwarsa su yafi juna.

Na gaya mata. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da 'yar jaka. A mota ta ce, "Kak ka kunna min abin nan naka." Ban kunna ba. Tana ta jan carbi, can ta ce, kamar da kanta take magana, "Ni ce ƙarama. Ni ya kamata in tahi tun bara."

Mun wuce garin Bana, mun shiga jar hanya, ruwa ya cinye ta ko'ina rami. Ina sauri, na faɗa wani rami mai kaifin baki, sai ji na yi fam! Tayar baya ta fashe, gefenta ya yage tsawon tafin hannu, irin yagewar da mai faci ba ya ko kallo. Na fito na duba, na ce, "Inna, kada ki damu, akwai sakur." Sakur ita ce tayar ko-ta-kwana, kuma na san wurinta: a ƙasan kofur, cikin raminta, yadda na gan ta ranar da na sayi motar. Kirik, abin ɗaga mota, yana ƙarƙashin kujera. Abin da ya rage kawai in ɗaga akwatin kiɗa.

Akwatin ya ce bai san wannan ba. Na ja, na tura, na girgiza, ko motsi. Na yaye moket na ga kusoshi jere kamar haƙoran zarto, kawunansu irin na tauraro, turnabis ɗin kwance kusa da ke motata bai shiga ko ɗaya ba. Na kira abokina, babu rezo, waya ba ta shiga. Na hau tudu na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa, shiru.

Ana cikin haka wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur ɗinsa, babu kowa a bayansa. Ya ce Zabori ya nufa, in Hajiya za ta iya, ya kai ta. Mahaifiyata ta dube ni. Na dubi hanyar, na dubi gwiwarta mai ciwo, na tuna ba ta taɓa hawa babur ba a rayuwarta. Na ce masa, "Mun gode, minti goma ne, akwai sakur." Ya tafi. Bayan kamar rabin awa wani ya sake tsayawa, na sake faɗin wannan magana, har da ɗaga murya, don na fara jin haushin kowa. Wannan "akwai sakur" ɗin, har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

Wani manomi da ke noma a gefen hanya ya gaji da kallona, ya zo da gatarinsa. Ya ce, "Samari, in abin da kake nema na ƙasa, sai dai a hwasa." Na tsaya. Wallahi na tsaya. Uwata na zaune a mota, wanta na can yana jiranta da numfashi ɗaiɗai, ni kuma ina tsaye ina tausayin katako. Ba daɗewa na yi ba, amma na yi, kuma ta gani ta madubi.

Na karɓi gatarin. Sara na farko ya shiga tsakiyar baful ɗin dama. Daga nan ban san iyakar abin da na sara ba. Katakon mai kauri ne, gam ɗin ya kama kamar an haife su tare, gumi ya jiƙa ni, tafin hannuna ya yi bororo. Da ƙyar muka ɓalle katakon ƙasa ni da manomin, muka ɗaga.

Babu taya. A cikin ramin, batiri ne zaune, an yi masa gado da soso, an ɗaure shi da bel, wayoyi ja da baƙi an jera su tsaf kamar kitso. Aiki mai kyau, wallahi, kamar na kanti. Manomin ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Kala suru," wato sai haƙuri da Zabarmanci, ya ɗauki gatarinsa.

Ban san lokacin da na fara zagi ba. Na zagi abokina, na zagi batirin, na harbi motar da ƙafa har yatsana ya fashe. Mahaifiyata ta buɗe ƙofa ta fito da jakarta. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka tsaida min babur." Yanzu da muke nema kuma hanya ta yi tsit. Mun fi awa ɗaya kafin wani ya ɓullo. Ni na ɗaga ta na ɗora, na ga yadda ta runtse ido don zafin gwiwa, ta kama rigar yaron mutane da hannu biyu. Na bi su a wani babur ɗin da ya zo daga baya, na bar motar a buɗe a hannun manomin.

Tun daga bakin gari na ga mutane na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Ɗan kawun ya tare ni ya ce bai fi rabin awa da cikawa ba lokacin da ta iso. Ya ce har ƙarshe, duk wanda ya ɗaga labule sai tsohon ya juyo da kai. Rabin awa. Ni kuma na kori babur biyu a kan hanya, na farkon tun rana ba ta yi zafi ba.

Ta shiga ta gan shi kafin a yi masa wanka. Daga waje na ji muryarta, ba kuka take ba, magana take: "Yaya, na zo. Na yahe maka. Kai ma ka yahe min." Ta faɗa sau uku, tana dakatawa tsakani, kamar mai jiran amsa.

Bayan addu'ar uku na koma Gaya, ban ko biya gida ba na wuce shagon. Abokina ya taso zai yi mini gaisuwa, na ce ya riƙe gaisuwarsa, ina tayata? Sai ya nuna gindin bedi da haɓa. Na juya. Wurin zamana. Na ɗaga matashin, na ɗaga katakon, ga sakur ɗina, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Wata bakwai ina zaune a kanta ina kaɗa kai.

Na ce, "Don Allah mi ya hana ka gaya min?"

Ya ce, "Kai kac ce a ƙara batiri. Ina kake so in sa shi, aljihuna? In na aje shi sama, aikin ya ɓaci."

"Ba shi na tambaye ka ba. Mi ya hana ka buɗe baki ka ce ka hidda taya?"

"Da na hwaɗa maka, gardama za ka yi. Kuma kai da ba ka wuce gada da kasuwa, mi za ka yi da sakur?"

Nan ne na shaƙe shi. Mutane suka raba mu. Abin da ya fi ƙona mini rai ba cire tayar ba ne, a'a, shi ne ya zauna ya yanke wa rayuwata hukunci shi kaɗai: ya auna iyakar inda zan je, ya ga ban cancanci a gaya mini ba, don kada layin moket ɗinsa ya karkace. Kalma huɗu ce, "na cire maka taya." Da na ji su, ko da na bar ta a shagon don wautata, da na san babu, da na ɗora uwata a babur na farko. Kullum yana kallona ina zama a kanta, yana miƙo mini shayi.

Na mirgina tayata har gida a ƙafa, cikin kasuwar da na saba zagawa da kiɗa. Ban damu da masu kallo ba.

Ya zo gida daga baya da dattawa biyu ya ba mahaifiyata haƙuri. Ta ce ta yafe, kwana ne ya ƙare, ko da jirgi aka je ba a ƙara masa minti. Na san haka ne, ni ma Musulmi ne. Amma ba ƙarin kwana muka je nema ba, magana biyu muka je kaiwa, kuma akwai lokacinta, mu muka zubar da shi a gefen hanya. Muna gaisawa da shi yanzu, na je sunan 'ya'yansa, amma ko fitilar hannu ban sake ba shi gyara ba.

Kaina ma ban wanke shi ba. Mutum ya ce zai ƙara batiri a wurin da ko buhu ba ya shiga, ban ce a ina ba. Wata bakwai ina buɗe kofur don a yaba, ban taɓa buɗe shi don in duba ba. Shi ya sa yau in mai gyara ya ce ya ƙara mini wani abu, tambayata ta farko ita ce me ya cire. Suna cewa na cika naci. Su faɗa.

Mahaifiyata ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Abin da take yi shi ne, duk ranar da zan kai ta wani wuri, ko asibitin cikin gari ne, ba ta nufar ƙofar mota. Sai ta zagaya baya da sandarta ta tsaya. Ni kuma in zo in buɗe kofur, in ɗaga shimfiɗar, ta leƙa ta ga tayar, sannan ta je ta shiga. Na canza mota sau biyu tun daga lokacin. Jiya ma sai da ta tsaya.