Kazar da Ta Tsayar da Kamfaninmu

Makon jiya sai ga ni durƙushe gaban wata kaza a Kabo, ina lallashinta.

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin taki a Gwarzo. Rufi ya yi yoyo, ruwa ya kashe tsohuwar kwamfutar da duk harkarmu ke kanta. Ban damu ba, don na daɗe ina ajiye kwafin komai a intanet. Har cika baki na yi wa Alhaji mai kamfanin.

Na sauke komai lafiya, amma manhajar da muke aiki da ita ta ƙi buɗewa a sabuwar kwamfuta. Ta tsufa tukuf, ba ta aiki sai a kan na'ura sa'arta. Ga manoma cike da ƙofa, damina kuma ba ta jira.

Aka ce akwai irin tsohuwar kwamfutar a gidan wani marigayi mai shagon buga takardu a Kabo. Bayan mun gaisa, matarsa ta kai ni rumfa. Ga kwamfutar nan, murfin gefe a cire, kaza tana kwanci a ciki.

Na ce, "Inna, a taimaka a ɗaga ta, kamfani guda ya tsaya."

Ta ce, "Ɗan nan, ita ma aiki take, kuma ta riga ka zuwa. Ka dawo in ta ƙyanƙyashe."

Na miƙa hannu a hankali, kazar ta sare ni.

Yanzu da biro muke sallamar manoma, Alhaji kuma kullum sai ya tambaye ni, "Ya mai jego?"

Ashe ajiya ba ta cika ba sai ka gwada ɗaukowa. Masu kiwo, akwai dabarar da ke sa kaza ta yi sauri?