Hanyar da Maigidana Ya Share

Ƙauyenmu yana bayan tudun yashi ne, gabas da Dungas, cikin wani kwari mai goriba da rijiya ɗaya. Ko mai bin hanyar Guci ba ya hango hayaƙinmu. A lokacin Nasara bai zo ba, ƙasar duk ta Sarkin Damagaram ce. Shi yana da manyan bayinsa, su suna da jakadu, jakadun ke zagaya masu gari suna karɓar hatsi da mutane. Mu kuwa ba mu da mai gari, don haka babu wanda ya san da zamanmu.

Tsofaffi sun kafa mana doka: ba a bin sawu ɗaya sau biyu a kan tudun. In za mu kasuwar Dungas, yau mu hau ta wajen kalgo, wani mako ta wajen gawo, don kada turba ta fito. Na sha tsine wa dokar nan da kaya a kai, yashi na ƙona mini ƙafa, amma ita ta rufa mana asiri.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai yana son a ce masa ranka ya daɗe. Tun da wani ɗan'uwansa ya sami rawani a wajen Yekuwa, barci ya ƙaurace masa. Ya ce mun zama gafiyoyi a rami, ko shanu sun cinye gona ba mu da wurin kai ƙara. Wannan kam gaskiya ne.

Na ce, "Malam, wanda ya ba ka rawani, me za ka ba shi?"

Ya ce, "Gero mana. Mun rasa gero ne?"

"In ya ce ba gero yake so ba fa?"

Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Ya je ya kai wa jakadan sarki gaisuwa, aka yi masa alkawarin rawani. Da ya dawo ya sa aka share hanya sambal ta kan tudun, aka dasa aguwa dama da hagu, don kada dokin jakada ya ɓata. Ɗan farinmu, saurayi mai ƙarfi, shi ya yi rabin aikin. Ni ma na kai masa fura can.

Shekarar farko aka naɗa masa rawani, aka auna gero, kowa na murna. Da kaka ta zagayo jakada ya dawo. Ya ce sarki na shirin yaƙi kudu, kowane gari zai ba da samari masu ɗaukar kaya. Maza suka sunkuyar da kai, sannan suka juyo suna duban mai rawani.

Jakada ya ce, "Mai gari, daga gidanka ake farawa."

Ina tsaye bakin danga aka wuce da ɗan farinmu. Ya waiwayo yana nemana. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi gaban mutane. Ban kira ba. Na tsaya kamar turmi har suka haye tudun. Na yi fushi da maigidana shekaru, kuma har ya mutu bai ƙara naɗa rawanin nan ba.

Daga baya mutanen gari suka ce a tumɓuke aguwar, a bar iska ta rufe hanyar. Ni da na fi kowa ƙin ta, ni na zauna a tsakiyarta na hana. In yashi ya cinye ta, ta ina yaron zai gane gida?