Ranar da Baba Ya Ƙaryata Baunar Kakanmu

Ni dai ban taɓa ganin bauna da idona ba, haka ma mahaifina. Ko da muka taso, ƙasarmu ta riga ta cika, gona na manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabci ya yi maka sannu daga tasa. Amma a zauren gidanmu akwai ƙahon bauna a rataye, baƙi ƙirin, goshinsa kamar an kife akushi. Kakanmu ne ya harbe ta a fadamar gabas da ƙauyenmu, shekarar da ya sari wurin. A wajenmu kuwa wanda ya sari daji shi ke da ƙasa. Dattawan da suka ga saran duk sun rasu, sai ƙahon ya zama shi ne shaidarmu. Duk wanda ya tayar da maganar fadamar, Baba ba ya jan zance, zaure yake kawo shi ya nuna masa bango.

Ina da aure har da ɗa guda, muna noman gandu ni da Baba, sai ga malamin daji a kan kekensa. Ya tara mu a ƙofar dagaci, ya ce wani Bature ya sa an gyara ɗaki a garin hakimi, kusa da elementare, ana tara kayan bauna a ciki. Wai don yara su san abin da ke ƙasar nan a da, wai kuma don a ƙyale 'yan ragowar da ke dazukan kudu su hayayyafa.

"Yaushe Bature ya fara son dabba don Allah?" in ji Baba a hanyarmu ta gida. "Bana ya tara ƙaho, baɗi ya ce ga shaida nan wurin daji ne, ya kafa turaku, ya ce ya zama gandun dajin gwamnati. Fadamarmu suke so, ka ji ni?"

Na ji shi sarai, don ni ma hankalina bai kwanta ba. Mun samu labarin wasu ƙauyuka da aka yanke musu daji aka hana su ko itacen girki. Mutanen da ba su taɓa tambayarmu wani abu ba sai wata doka ta biyo baya, su ne yau za su tara ƙaho saboda yara? Har gobe ban ga wautarmu a wannan zargi ba.

Ranar kasuwa na je na leƙa ɗakin. Ba wani babba ba ne, an shafe shi da farar ƙasa, yana warin maganin gara. Ga ƙahoni a jere a bango, ga wata tsohuwar garkuwa ta fatar bauna, ga kibau da baka. Ƙarƙashin kowane ƙaho an kafa ɗan allo da rubutun boko. Na tambayi mai gadin, wani tsohon soja mai son hira, me aka rubuta. Ya ce sunan wanda ya harbe ta ne da wurin da ta faɗi. Jin "wurin da ta faɗi" sai na tuna turakun da Baba ya ce za a kafa. Na dawo gida ban ko sayi gishirin da Inna ta aike ni ba.

A ranar Baba ya sauke ƙahon ya tura shi cikin rumbu, ƙarƙashin dawa. Amma an riga an kai maganarmu. Wa ya kai? Mun zargi wanzami, mun zargi mai kiran salla, har surukina bai tsira ba. Baba ya daina zama majalisa bayan la'asar.

Da Baturen ya fito rangadi, aka kira Baba ƙarƙashin tsamiyar ƙofar dagaci, gari ya taru. Dogo ne, ja, yana ta murmushi, murmushin ma ya ƙara mini tsoro. Tafinta ya ce Bature ya ji cewa mahaifin Baba ne ya harbi baunar ƙarshe a wannan yanki, yana roƙon aron ƙahon, yana kuma so a nuna masa fadamar.

Baba ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, zancen tsofaffi ne kawai. Ƙahon nan a kasuwa aka saye shi wajen fatake. Fadamar nan ba ta taɓa zama daji ba, tun kaka da kakanni gona ce."

Dagaci ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. "Malam, ka tabbata?"

"Na tabbata."

Baturen ya ɗan sunkuyar da kai, ya yi godiya da gurguwar Hausarsa, ya hau doki. Muka koma gida muna jin mun yi wa Nasara dabara. Inna har fura ta dama mana da nono mai yawa.

Turaku ba su zo ba. Baturen ma aka ce an mai da shi wata ƙasa. Abin da ya zo, bayan an gama kaka, sammaci ne daga dagaci. Akwai wani gida da ya girmi namu zama a ƙauyen, sun daɗe suna gunagunin cewa fadamar saurar kakanninsu ce, aro aka ba kakanmu. Ƙahon ne ke rufe musu baki. Yanzu babbansu ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Shi da bakinsa ya ce tun kaka da kakanni gona ce. To, ubansa zuwa ya yi. Gonar wa ya tarar?"

Baba ya aike ni na tono ƙahon daga rumbu, na kawo shi duk ƙaiƙayi, na ajiye a tsakiyar fili. Dagaci ya ce, "Malam, wace magana zan ɗauka? In ta yau ce gaskiya, to ka yi wa hukuma ƙarya a gabana, dole in kai gaba. In ta ranar ce, wannan kayan kasuwa ne." Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, ga shi ba wanda zan kama. Dagaci ya yanke hukunci fadamar tasu ce. Aka ba mu izinin sare rakenmu na wannan shekara, shi ke nan.

Bayan an kwana biyu Baba ya ce mini, "Ɗauki ka kai musu ɗakin nan. Ka ce su rubuta sunan ubana, su rubuta inda ta faɗi. Ko ba komai yara sa karanta."

Na ɗaura shi a jaki na kai. Mai gadin ya karɓa da murna, ya je ya kira malamin daji don a yi allo. Malamin ya shafa ƙahon, ya yaba girmansa, sannan ya ce shi yana wurin ranar da mai shi ya ce na kasuwa ne, ba zai rubuta abin da aka musa a gaban Bature ba. Suka rataye shi a bayan ƙofa.

Na tarar da Baba a bakin zaure yana jirana, bai ko bari na sauka ba.

"Sun rubuta?"

"Ba su rubuta ba, Baba."

Sai ya ce in miƙo masa buta.