Ɗigon teku a aljihun Baba Rariya

Shekara talatin da ɗaya Baba Rariya ya yi a ɗakin gwajin duwatsu na jami'a, kuma a duk tsawonsu matarsa ba ta taɓa yarda da aikinsa ba. Ya daka dutse, ya jiƙa a asid, ya tace da rariya mai ƙananan idanu, daga nan laƙabin ya samo asali. Abin da ke saura ɗan baƙin guggubi ne a gindin kwalba. A ciki, in ji shi, akwai mitsi-mitsin halittun teku da ƙwayoyin irin tsirrai da suka mutu tun kafin a yi mutum.

"Teku a cikin dutse? Baban yara, ka dai ce wanki kake yi," haka take cewa, yara su kwashe da dariya. Shi ma yakan dara, amma abin na cinsa a rai.

Tun suna sabon aure ta tsinci wata 'yar kwalba mai baƙin guggubi a aljihunsa, ta wanke ta tas, ta miƙa masa tana jiran yabo. Aikin sati biyu! Ya haɗiye, ya yi godiya, bai taɓa faɗa mata ba.

Ranar da zai ajiye aiki, kafin ya mayar da makulli, ya roƙi Farfesar da yake yi wa aiki ta bari ya kawo baƙuwa. Ya zaunar da matar gaban madubin ƙara girma, ya saka gilashin da ya ɗiga wa guggubi.

"Duhu kawai nake gani."

"Kin rufe idon da ba shi ba, uwar yara."

Ta gyara, ta sake leƙawa.

"Kai! Ga wani mai ƙaho! Ga wani kamar maɓallin riga! Su waye waɗannan?"

Daɗi ya kashe shi, ya hau jero mata sunaye, Farfesa na gyaɗa kai. Sai idonta ya sauka kan kwalaben da ke jere a kan teburi, ta dafe ƙirji.

"Wadda na wanke fa?"

"Teku guda kika zubar a kwata."

"Kuma ka yi min godiya?"

"Ai ta wanku."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta riƙe masa hannun riga. "Kar ka ba da makullin tukuna. Sako min wani."